Tsakanin Makaranta da Tasha: Abin da Ke Jefa Ɗalibanmu Cikin Shaye-shaye a Oshodi da Agege

Wanda duk ya san birnin Ikko, watau Legas, ya san babu wata mararraba da ta kai Oshodi tara jama'a, gama a nan ne babbar hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa take gamuwa da tsohuwar hanyar motar Agege, ga kuma layin dogo ya ratsa ta tsakiya ya miƙe Arewa. Ko da yake gwamnatin Fashola ta share wurin a farkon shekarar 2009, aka kuma buɗe katafariyar tashar motoci ta zamani a 2019, har yau in an tashi daga makarantu, la'asar ta kawo jiki, sai ka ga 'yan sakandare maza da mata cikin kayan makaranta suna kutsawa tsakanin direbobi da 'yan kamasho da masu talla, kowa yana neman motar unguwarsu. Kuma a cikinsu akwai namu, 'ya'yan Hausawan Agege da Idi-Araba da sauran zangunan da ke warwatse cikin birnin. Abin da yaron nan yake wucewa ta gabansa kafin ya sami mota shi ya kamata mu fara dubawa. Ga teburin mai sayar da paraga, watau barasar da ake jiƙa saiwoyi da ɓawon itace a cikinta a ce wai maganin basir ce ko ciwon baya. Ga ƙananan ledojin barasa an rataye su jere, kuɗin guda bai kai na burodin Agege ba. Ga kuma mai tallar magani da tirensa, ya shirya ƙwayoyi launi-launi, rana na dukansu tun safe, ba ya tambayar mai saye shekarunsa, balle takardar likita. Ba kuwa zan ɓoye ba, da yawa daga masu ɗaukar tiren nan da harshenmu suke ciniki.

Akasarin mutane sun ɗauka wannan annoba ta Arewa ce, saboda yawan ambaton Kano da ake yi duk lokacin da zancen ya taso. Amma babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba, waɗanda ba su cikin wannan lissafi, miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tramol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari. Shiyyar Kudu maso Yamma, inda Legas take, ita ce kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, alhali Arewa maso Yamma tana da kashi 12. Ashe ke nan yaron Bahaushe da ya tashi a Agege yana tsakiyar inda abin ya fi yawa ne, kuma kayan mayen Kudu da na Arewa duka suna iske shi a wuri ɗaya.

Ba haka zango yake a da ba. Fataucin goro ne ya fara zaunar da Hausawa a Agege, tun zamanin da gonakin goro suka kewaye garin, jirgin ƙasa kuwa, wanda ya haɗa Ikko da Kano tun 1912, yana kwasar huhunan goro ya kai Arewa, ya sauko da shanu da fatake. A wancan tsari kowane baƙo yana da maigida, kowane yaro yana da idon da ke kansa. In ya yi ba daidai ba a bakin kasuwa, kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma dattijon da ya tsawata masa godiya yake samu daga uban yaron. Gari ne kuma na ilimi, domin a cikinsa Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri ya zaunar da makarantarsa ta Markaz a shekarun 1950, ban da makarantun allo da zaurukan malamai. Yanzu fa? Uba ya fita tun kafin assalatu zuwa kasuwar Mile 12, ko mayankar Oko-Oba, ko wurin canji, ko gadi, cunkoson motoci ba zai bar shi ya komo ba sai bayan lisha, a gajiye; uwa tana fama da ƙanne da 'yar sana'arta a ɗaki ɗaya na gidan haya, wanda ba shi da sararin da saurayi zai zauna; maƙwabci kuwa ya koyi kame bakinsa, don ya ga yadda nasiha take komawa rigima. Saboda haka daga tashi makaranta zuwa dawowar uba akwai sa'o'i masu yawa da yaro yake hannun titi, kuma a ganina mafi yawan abin da muke kuka da shi a cikin waɗannan sa'o'i yake farawa.

Sai dai akwai wani al'amari da ya keɓanta da 'ya'yanmu, wanda ban cika jin ana faɗinsa ba. Yaron da ya tashi gidan Musulmi, ya yi makarantar Islamiyya, ya san giya haramun ce, yana kuma tsoron warinta ya tona masa asiri a sahun salla ko gaban mahaifiyarsa. Don haka da wuya ka ga ya fara da kwalba. Ƙwaya kuwa ba ta da wari, tana zuwa cikin takardarta ta kamfani, da sunan magani, daga kantin da aka saba aikensa sayo maganin zazzaɓi, kuma ana iya haɗiye ta da shayi a gaban kowa. Da haka sai zuciya ta sami hanyar yaudarar kanta, yaro ya ce shi ba mashayi ba ne, tun da bai taɓa sa barasa a baki ba. Alhali malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba, domin sun bayyana cewa dalilin haramcin giya shi ne gusar da hankali, kuma hukunci yana bin dalilinsa duk inda aka same shi, ko cikin kwalba, ko cikin ƙwaya, ko cikin tsumman da aka shafa wa sholisho. Sun kuma lissafa hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Wannan bayani yana nan cikin littattafai, amma kaɗan ne daga masu wa'azi suke kiran ƙwayoyi irin su tramol da roci da ekzol da sunayensu a kan mumbari, yadda yaro zai gane da shi ake.

Ba kuwa maye yaron yake nema ba da farko. Ƙarfi yake nema. Ɗalibin da ke taya ubansa dako ranar Asabar, ko tura baro, ko ya karɓi babur ɗin yayansa ya yi acaɓa da yamma don ya haɗa kuɗin jarrabawa, yana ganin manya suna jefa ƙwaya a baki kafin su kama aiki, in ya tambaya a ce masa, “Maganin gajiya ne, ƙanena, gwada rabi ka gani.” Tramol a asalinsa maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, wanda likita kan rubuta wa wanda aka yi wa tiyata ko ya sami karaya, kuma ƙarfin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, galibi daga Indiya, yakan kai 200 ko 225, kuma an sha kama shi kwantena-kwantena a Apapa. Abin mamaki, babban ɗakin gwaje-gwajen hukumar nan a Oshodi yake, ba nisa da inda masu tire suke kai da kawowa. Kwanakin farko yaro zai ji jikinsa sakayau, ba yunwa, ba gajiya, bakinsa ya buɗe gaban 'yan mata da gaban malami. Daga nan rabi ya daina isa, guda ma ta daina, har ranar da bai samu ba sai gaɓoɓi su kama ciwo, ga gumi, ga hamma da majina, barci ya ƙaurace. Shi da uwarsa su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sayo magani a sha, ba sauƙi, sai ya haɗiyi ƙwayar nan take ya warware. A nan ne ya kamu, ko da bai sani ba. In ya zarce kima kuwa, tana iya kayar da shi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a yayyafa masa ruwa, a ce iska ce ta taɓa shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun ƙara mana wani haske a kan dalilin da ya sa shekarun balaga suka fi haɗari. Sun ce sashen ƙwaƙwalwa da ke son daɗi da sabon abu da yabon tsara yana riga nuna, amma sashen gaba, wanda ke auna aƙiba ya ja wa mutum linzami, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara shaye-shaye yana ƙarami ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wuyar rabuwa da shi, bisa ga wanda ya fara da girmansa. Haɗa wannan da fargabar jarrabawa, a ƙasar da kusan mutum miliyan 2 ke zama jarrabawar JAMB kowace shekara alhali guraben ba su ɗaukar ko kusa da su, da kuma ganin yayye sun gama karatu suna zaune ba aiki, sai ka gane yadda wani yake shan ƙwaya don ya kwana karatu, wani kuma don ya manta da karatun.

Hukuma ba ta zauna ba, amma abin yana sauya kama. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim a kan maganin tari mai kodin, washegari Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya hana yin sa da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, sai yara suka koma haɗe-haɗe, a zuba ƙwayoyi cikin lemon kwalba ko zoɓo, a kaɗa, a riƙa kurɓa a fili ba mai zargi. A shekarar 2018 ɗin ce kuma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa waƙar Olamide mai suna Science Student, bisa zargin tana ƙawata wannan haɗe-haɗe, ko da yake mawaƙin ya ce gargaɗi ya yi. Wannan hanya ta lemo ita ta fi jan 'yan mata, a wajen biki ko a ɗakin ƙawa, kuma binciken da muka ambata ya ce cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce. Barasar leda kuwa, NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni tun 2018, bisa hujjar cewa yaro yana iya sa ta a aljihun wandon makaranta; masu masana'antu da ma'aikatansu suka yi ca, aka yi ta ja-in-ja, aka ɗaga wa'adi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, aka kuma naɗa mata Janar Buba Marwa a 2021, mutumin da Ikko ta sani tun yana gwamnan soja har keke mai ƙafa uku ya ci sunansa, tana kame tana kuma zagaya makarantu da faɗakarwa. Amma jami'i ba zai tsaya bakin kowace makaranta ba.

In asiri ya tonu, maganar farko da ke fita daga bakin iyaye ita ce, “Abokai ne suka lalata mini shi.” Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma da wuya yaro ya sayi ƙwayar farko da kuɗinsa, aboki ne ke miƙa masa, ƙin karɓa kuwa sai a kira shi ɗan ƙauye ko ustazu, amma abokin nan shi ma ɗan wani ne, kuma a gidansu ɗanka ake zargi. Magana ta biyu ita ce a rufa asiri, kada dangi su ji, kada auren ƙannensa mata ya lalace. Ta uku, wadda ta zama al'adar mazauna Kurmi, ita ce a sa shi mota a tura shi gida Arewa wurin kawu ko wurin malam, kamar can babu masu tire. Wasu ma gidan mari ake kai su, kuma ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya.

Alhali kuwa a nan Oshodi ɗin akwai reshen Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda ke duba yara da matasa, kuma iyayenmu da yawa suna wuce shi a mota, ko don ba su san da shi ba, ko don tsoron a ce ɗansu ya haukace. Kamuwa da ƙwaya cuta ce da likita ke yi wa magani, yana rage ta sannu a hankali, domin yanke wasu irinta farat ɗaya, musamman masu sa barci irin roci, yana iya jawo suma da shure-shure. Yana kuma binciken ko akwai baƙin ciki ko firgici da ke ƙarƙashin shan, wanda yaro bai iya faɗa wa kowa ba. Aikin yakan ɗauki watanni, kuma komawa ruwa sau ɗaya ko biyu ba ya nufin magani ya ƙi. Addu'a da karatun Alƙur'ani da komawa sahun jam'i duk suna tafiya tare da wannan, babu mai hana wani. Abin da ake bukata daga uba shi ne ya zo da kansa maimakon ya aiko ƙanensa, ya bari yaron ya faɗi abin da yake sha da yawansa ba tare da an kai masa mari ba, ya je makaranta ya nemi a riƙe masa gurbinsa, sa'an nan ya ci gaba da kawo shi duk ranar da likita ya sa, ko da ta faɗo ranar da motar kaya ta sauka a Mile 12.