Sunayen sarrafaffen nama na yankunan Turai da hanyar mayar da su Hausa

Kalmar Faransanci charcuterie ta samo asali ne daga chair cuite, wato dafaffen nama, kuma tun ƙarni na 15 masu wannan sana'a a birnin Paris suke da ƙungiyarsu dabam da ta mahauta. A yau kalmar ta ƙunshi duk naman da aka gyara da gishiri, ko hayaƙi, ko shanya, ko kitse, don ya jima bai lalace ba. Kayan nan suna isowa kantunan Yamai cikin gwangwani da leda, kuma mai shirya littafin karatun manya da ya nufi koya wa mutane karanta takardar da ke jikin kaya dole ya yi karo da sunayensu. Abin da ya kamata ya fara sani shi ne, sunayen suna faɗin yadda aka yi abin, ko siffarsa, ko garinsa, amma ba su faɗin dabbar da aka yanka.

Asalin kalmomin ya nuna haka. Saucisse da saucisson sun fito daga kalmar Latin mai ma'anar abin da aka sa wa gishiri. Pâté daga pâte take, ƙullun fulawar da ake naɗe nama a ciki a da, ko da yake yawancin abin da ake sayarwa da sunan yanzu ba shi da ƙullun. Terrine kuwa sunan kaskon yumɓu ne da ake dafa abin, kamar dai a ce da abinci tukunya.

Kalmar da ta fi kowace yawo ita ce andouille, wadda masana asalin kalmomi suke dangantawa da wani fi'ilin Latin mai nufin shigar da abu cikin wani, wato ɗurawa. A garin Vire na Normandi ana yanyanka tumbi da hanjin alade, a ɗura su cikin babban hanji, a kyafe da hayaƙi har bayan ya yi baƙi, sannan a dafa. A Guémené na Biritaniyar Faransa ba a yanyankawa: ana zura hanji cikin hanji, ƙarami cikin babba, yadda in aka yanka sai a ga da'ira cikin da'ira kamar albasa. Suna ɗaya, aiki biyu, a ƙasa guda. Da kalmar ta ƙetare teku zuwa Luwiziyana a Amurka, sai ta koma nufin tsokar alade da tafarnuwa da barkono wadda ta sha hayaƙi sosai, kayan ciki sun fita daga zancen. A Spilinga ta kudancin Italiya kuma akwai 'nduja, wadda da yawa suke ganin sunanta daga andouille ya zo, alhali ita kitse ce da jan barkono mai yawa, mai laushin da ake shafa ta a burodi kamar man shanu. Duk ƙamus da ya ba andouille fassara guda ya yi ƙarya a wuri uku cikin huɗu.

Ƙanwarta andouillette ta fi nuna haɗarin. Ta Troyes da kayan cikin alade ake yin ta, amma ta Lyon da ta Cambrai da na ɗan maraƙi aka san su. Daga 2000 zuwa 2015 an hana amfani da wannan sashe na cikin maraƙi a Faransa saboda cutar haukar shanu, masu sana'ar suka koma ga alade, sunan bai motsa ba. Wanda ya dogara da suna kaɗai a waɗannan shekaru ya ci abin da bai yi zato ba.

Cikin naman da ake shafawa, rillettes ce ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce Bahaushe zai ga kamar ya san ta. Ana dafa nama cikin kitsensa a kan wuta kaɗan-kaɗan na awoyi, har ya saki, a warware shi zare-zare, a zuba a kasko, kitse ya daskare a sama ya toshe iska. Tours da Le Mans ne suka yi suna a kanta, kuma ta Tours ta sami alamar kare sunan yanki ta Tarayyar Turai a 2013. Mai fassara zai yi ɗokin cewa dambun nama. Rabin gaskiya ne: warwarar naman iri ɗaya ce, amma dambu ana soya shi ne ya bushe ya yi washar-washar, ita kuwa jiƙe take da kitse. Wadda ta fi kusa da ita a Afirka ita ce khlii ta Maroko, busasshen naman sa ko rago da ake dafawa a adana cikin kitse. Kuma ko an rubuta rillettes ta agwagwa ko ta dinya, sau da yawa akwai nama ko kitsen alade a ciki.

Sunan gari ma hanya yake nunawa. Saucisse de Morteau, wadda aka ba alamar kariya a 2010, ana kyafe ta aƙalla awa 48 da hayaƙin itatuwan tsaunin Jura cikin wani dogon ɗakin hayaƙi da ake kira tuyé, kuma ana gane ta da ɗan tsinken itace da ke rufe bakinta. Bresaola ta Valtellina a Italiya da naman Grisons na Suwizalan busasshen naman sa ne, sai dai babu abin da ya faɗi haka cikin sunayen. Merguez daga Larabcin Magrib ta shigo, an san kalmar tun zamanin Andalus, kuma ta bazu a Faransa musamman bayan 1962 da mutanen da suka baro Aljeriya. Asalinta naman rago ne da na sa, amma a can akan sami wadda aka garwaya da alade.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Hausa. Tsire daga tsirewa a tsinke yake, banda daga busarwa a kan wuta, kilishi da balangu su ma aiki suke nunawa, ba dabba ba. Bambancin shi ne, mai sayen kilishi a Tawa ko Damagaram ya san iyakar dabbobin da rundawa suke yankawa, don haka sunan bai buƙaci ƙari. Inda kuma ake son bambancewa, harshen yana da kayan aiki a shirye: dambun nama, dambun kaza, dambun kifi. Harafin mallaka -n ko -r yana ɗaure hanya da dabba cikin magana ɗaya.

A kan wannan gini ya fi dacewa a ɗora sababbin kalmomi. Ana iya cewa ɗuren hanji ga dangin saucisse, saucisson, andouille da merguez, a ce naman shafawa ga dangin pâté, rillettes da 'nduja, busasshen nama ga bresaola da ƴan'uwanta, sannan a bi da sunan dabba ko da yaushe: ɗuren hanji na rago, naman shafawa na hantar kaza. Aron kalma kai tsaye yana da nasa cikas. In aka rubuta pâté da haruffan Hausa, za ta yi karo da fate, wanda wasu karorin harshe suke furtawa da sautin p, mai karatu ya ɗauka faten wake ake nufi. Sunan yanki kamar Vire ko Morteau a bar shi da rubutunsa na asali, tun da haka mai saye zai gan shi a jikin kaya.

Saura abu guda da fassara ba za ta iya ba. Ɗuren naman sa ana iya zuba shi cikin hanjin alade, kuma wannan ba ya fitowa a babban sunan da ke gaban leda, sai a jerin kayan haɗi da ake bugawa da ƙananan haruffa a baya. Saboda haka darasin da ya shafi waɗannan kaya ya kamata ya ƙunshi kalmomin Faransanci shida da mai koyo zai gane da ido ko bai ji harshen ba: porc alade, bœuf sa, mouton rago, gras kitse, sang jini, boyau hanji.