Jambori: Taron Yara, Rigimar Manya

Kusan duk bayan shekara huɗu, ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka kan tara yaranta a babban sansani da ake kira Jambori. An fara shi a 1937 a birnin Washinton, bayan cutar shan inna ta sa an fasa na 1935. Yara sukan kwashe kwana goma a tanti, suna hawan dutse, suna tuƙa kwale-kwale, da yamma kuma su baje bajojin da ake ɗinkawa a riga bisa bargo suna musaya, kamar 'yan kasuwar ƙauye. Abin da ya kawo su ke nan.

Sai dai kusan duk lokacin da sunan Jambori ya cika jaridu, manya ne suka jawo.

A Yulin 2005, a sansanin soja na Fort A.P. Hill da ke jihar Bajiniya, shugabannin 'yan sikawut huɗu daga Alaska suka rasu, sandar tantin da suke kafawa ta taɓa wayar lantarki, a gaban yaran. Kwana biyu bayan haka aka zaunar da dubban yara a tsakar rana suna jiran Shugaba George W. Bush. Zafi ya galabaita mutum kusan 300, shi kuma bai samu zuwa ba a ranar saboda hadari. Wannan ya fi komai ci mini rai: a ce yaron da aka damƙa maka amana ya sume don kawai a cika fili kafin babban baƙo ya iso.

Al'ada ce a gayyaci shugaban ƙasa, domin shi ne shugaban girmamawa na ƙungiyar. Ranar 24 ga Yulin 2017, a sabon sansaninsu na dindindin da ke jihar Yammacin Bajiniya, Shugaba Donald Trump ya tsaya gaban mutum kimanin 40,000, yawancinsu ba su kai shekarun jefa ƙuri'a ba. Ya soki Hillary Clinton, ya zolayi Barack Obama, har wasu yaran suka yi ta ihun a-ture. Iyaye suka fusata. Bayan kwana uku babban jami'in ƙungiyar, Michael Surbaugh, ya nemi afuwar waɗanda siyasar da aka cusa a taron ta ɓata wa rai.

Duk wannan ƙarami ne kan abin da ya biyo baya. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta shaida wa kotu cewa ta durƙushe, ƙararrakin lalata da yara sun yi mata yawa. Mutum fiye da 82,000 suka ce an ci zarafinsu suna ƙanana, aka amince da diyyar kusan dala biliyan biyu da rabi. Da aka sake haɗuwa a 2023, waɗanda suka kafa tanti ba su wuce 15,000 da wani abu ba.