Iskar ɗakin jiran likita

Kai da kake tsallakawa daga Jibiya zuwa Maradi, ko daga Konni zuwa Illela, don kai yaro asibiti, ka taɓa ɗaga kai ka dubi tagogin ɗakin jira? Da hunturu a rufe suke ruf saboda ƙura da sanyi, ga mutane maƙil. To, a kan wannan muka tsaya a shirin lafiya na wannan mako.

Idan mai mura ko kyanda ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, feshin yawu na fita daga bakinsa. Manyan ɗigo su faɗi nan kusa. Ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su tsaya a iska kamar hayaƙin turaren wuta, su gauraye ɗakin. Ƙwayar cutar kyanda tana iya yin awa 2 a iska bayan mai ita ya tashi ya tafi. Wato ka shigo ka tarar da benci ba kowa, amma ciwon yana nan. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna tare da mai kyanda, har 9 na iya kamuwa. Uwa ta kawo goyonta don gudawa ta koma ruga, bayan kamar kwana 10 zazzaɓi ya taso, a ce iska ce ta taɓa shi. E, iska ce, amma ba ta aljanu ba.

Kada ka ɗauka matsalar asibitin karkara ce kawai. A 2015 wani ɗan kasuwa ya koma Koriya ta Kudu daga ƙasashen Larabawa, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi. Cutar MERS ce, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, kuma raƙuma na ɗauke da ita. Sai da ya zagaya asibitoci 4 kafin a gane. Mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, kusan duka a asibiti suka kwaso ta: marasa lafiya, masu jinya, 'yan dubiya, da ma'aikata. Cunkoso da cikar dangi a ɗakin marar lafiya sun taimaka mata ƙwarai.

Na san zancen dubiya da nauyi, zumunci ne. Amma a ganina mai jinya ɗaya ya isa, sauran a gaisa a waya, yara ƙanana kuma a bar su gida.

In da tari ka je, sa takunkumi ko ka rufe baki da hanci da rawaninka. Faɗa wa malamar asibiti tun daga ƙofa, da garuruwan da ka bi, da ko kana hulɗa da raƙuma. Yaron da ya fito da ƙuraje da jan ido, kada ka shiga layi da shi, nemi a gan shi a gefe. Idan ɗakin ya toshe, roƙi a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. In an ƙi, karɓi katinka ka jira a inuwa a waje, ka ce a ƙwala maka kira idan layi ya zo kanka.