Fijo 504: Abin da Turawa ke saye da tsada mu muna sayarwa a kilo

A garin Malban na ƙasar Ingila akwai wani ƙaramin kamfanin motoci mai suna Morgan, wanda ya haura shekara ɗari yana aiki. 'Yan ɗaruruwan motoci yake ƙerawa a shekara, kuma har gobe da katako ake haɗa ƙashin jikin motar, da hannu, kafin a lulluɓe shi da gorar ruwa. Kujera biyu gare ta, rufinta na yadi ne da ake naɗewa, fitilunta zuru-zuru kamar na motocin 1930 da 'yan kai, alhali injin da ke cikinta sabo ne fil na kamfanin BMW. Mai son ta sai ya ajiye maƙudan kuɗi ya kuma bi layi. Wato dai mutum ya sayi sabuwar mota domin kawai ta yi kama da tsohuwa.

Na san mai karatu a Tambuwal zai yi dariya. Ina amfanin motar da ba ta ɗaukar buhun gero, ba wurin uwargida da yara, ga ta ƙasa-ƙasa ta yadda kwazazzabo ɗaya a hanyar ƙauyukan Kebbe zai raba ta da salansa? Gaskiya ne, ba don mu aka yi ta ba. Sai dai abin da ke jan Bature gare ta ya kamata mu tsaya mu duba, domin mu ma mun taɓa mallakar irinsa.

A ganina, mai sayen Morgan yana neman motar da ke da fuska ne, wadda za a hango daga nesa a kira sunanta, wadda kuma ake ganin hannun maƙerinta a jikinta. Mu kuwa wace mota ce ta yi mana haka in ba Fijo 504 ba? An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar Fijo a Kakuri, Kaduna, inda 'ya'yanmu suka riƙa harhaɗa ta. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekara ta 2000. Ita ce motar gwamna, ita ce ta hakimi, ita ce ta amarya, doguwarta kuma ita ce ke lodi a tasha daga Sakkwato, ta biyo Boɗinga da Shagari, ta sauke fasinja a Tambuwal ta wuce Jega. Ƙarƙashinta na da tsawo, kuma duk bakaniken bakin hanya ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Motocin yanzu kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunan ma abin lura ne. Bahaushe ba ya da harafin da Bafaranshe ya fara sunan da shi, sai ya maye gurbinsa da "f", ya daidaita wasulan, ya ce Fijo, kamar yadda ya mai da Mercedes Marsandi. Mai buɗaɗɗen baya kuma ya raɗa mata a-kori-kura, jimla sukutum ta zama suna. Harshe ba ya yi wa baƙo irin wannan hidima sai baƙon ya zauna ya zama ɗan gida. Motocin da suka biyo baya mun fi kiran su da inda suka fito, 'yar Kwatano ko Beljiyam, kamar dai mun san ba su zo zama ba.

Hasali ma, 504 tana da ƙanwa mai buɗaɗɗen rufi, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana aka fito da ita a 1969. 'Yan dubbai aka ƙera, yau kuma masu tara tsofaffin motoci rububinta suke yi. Shi kansa kamfanin Fijo, a baje kolin motoci na Faris a 2018, ya nuna samfurin wata mota mai lantarki da aka kwaikwayo surarta daga 504 mai ƙofa biyu.

To mu fa? Tamu tana bayan gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da sikeli da guduma. Ban zargi magajin da ya sayar ba, domin talauci ba ya barin mutum ya yi adon tarihi. Wasu za su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na yarda, amma ai Marsandin da aka kashe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas, mutane na zuwa kallo. Me zai hana Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ya nemi 504 ɗaya ƙirar Kaduna, da a-kori-kura ɗaya, ya adana? Attajiranmu da ke sayo motocin alfarma daga Dubai, kuɗin taya huɗu na ɗaya daga cikinsu ya isa a tayar da guda, tun tsofaffin kanikawan da suka san kafiretonta suna raye.