Busta da Eriyar Talabijin a Mayo-Oulo

Garin Mayo-Oulo yana arewacin Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, a yanki mai duwatsu. Duwatsu kuwa sukan tare siginar talabijin, sai hoto ya dusashe. Maganin da aka fi sani shi ne busta, kalmar da Hausa ta aro daga Ingilishi. Aikin busta ƙara wa sigina ƙarfi, amma ba ta samar da abin da eriya ba ta kamo ba. Saboda haka, kafin a kashe kuɗi a kan sabuwa, sai a ɗaga eriya, a juya ta wajen tashar. Sa'an nan a ɗaura bustar kusa da eriyar, domin doguwar waya tana raunana sigina kafin ta iso ɗaki.