CIWON SUGA: Abin da lambar da ake karantowa daga Betso take nufi

Ma'aikacin da ke Abuja, wanda iyayensa ke zaune a Betso cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, yakan ga ya sauke nauyi idan ya sayi na'urar gwajin suga ya aika gida. Daga ranar sai waya ta koma asibiti. Da sassafe a huda yatsan tsoho a karanto lamba, shi kuma daga ofis ya ce a ƙara magani, ko a rage tuwo, ko a nemi mota zuwa Babban Asibitin Mubi. A nan haɗarin yake, domin lamba ba ta da ma'ana sai an san ma'auninta da lokacin da aka ɗauke ta.

Ma'auni uku, jini ɗaya

Wasu na'urori suna lissafi da mg/dL, wasu da mmol/L, kuma tsakaninsu ninki 18 ne: 7 a na biyun daidai yake da 126 a na farkon. Ga kuma Mubi a bakin iyakar Kamaru, inda takardun gwaji kan zo da ma'aunin g/L irin na Faransa, su rubuta wannan adadin a matsayin 1.26.

Ruɗanin yana iya cin rai. Wanda ya saba da manyan lambobi, idan aka karanto masa 20 daga na'urar mmol/L, zai zaci suga ya faɗi warwas, ya ce a jiƙa wa majiyyaci suga, alhali 20 ɗin nan 360 ne. Don haka tambayar farko a waya ita ce: waɗanne haruffa ne a gefen lambar?

Iyakokin da likitoci ke bi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 126 mg/dL ko sama, bayan awa 8 ba a ci komai ba, a matsayin alamar ciwon suga, haka nan 200 awa 2 bayan shan ruwan suga na gwaji. A ɗakin gwaji na asibiti ake tabbatar da cutar, kuma akan maimaita gwajin. Na'urar gida aikinta bibiya ne.

Ga wanda ke kan magani, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka na so ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa 2 bayan fara ci. Likita kan sassauta wa tsofaffi wannan iyaka, saboda faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kayar da mutum.

Ƙasa da 70, wato 3.9, faɗuwa ce. Takan zo da rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani da ruɗewa, kuma ta fi samun mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar glibenclamide da ya wuce gona bai karya kumallo ba. A ba shi babban cokali ɗaya na suga ko zuma, a sake gwaji bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa, ba a ɗura masa komai a baki. Asibiti ake nufa da shi nan take.

Inda na'ura ke kuskure

Ko na'ura mai inganci tana iya saɓa wa sakamakon asibiti da kusan kashi 15 cikin 100, shi ya sa bambancin 140 da 150 bai kai a tayar da hankali ba. Yatsan da ya taɓa mangwaro, rake ko dabino kan ɗaga lamba, sai a wanke hannu da sabulu a bushe kafin gwaji. Tsinken gwaji ba ya jure zafi da laima; yawancin kamfanoni na cewa kada ma'ajiyarsa ta wuce digiri 30, ga shi zafin Maris da Afrilu a ƙasar Mubi ya zarce haka. A bar shi a kwalbarsa a rufe, a inuwa, a riƙa duba ranar ƙarewarsa.

Gwajin HbA1c na asibiti shi ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3. Daga kashi 6.5 ana ƙirga shi ciwon suga, kuma akasarin masu jinya ana so su zauna ƙasa da 7. Sai dai cutar sikila, ƙarancin jini ko ƙarin jini na kwanan nan suna iya karkatar da shi, dole a sanar da likita.

A watan Ramadan ma lamba ce ke raba gardama: ƙa'idar likitoci ita ce mai ciwon suga ya sha ruwa idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Abin da ya fi na'ura araha, ya kuma cika amfaninta, shi ne littafin rubutu na 'yan makaranta: rana, lokaci, kafin ci ko bayan ci, abin da aka ci, maganin da aka sha. Da wannan shafi likita ke gane ko maganin dare ne ya yi yawa ko kunun safe ne ya yi zaƙi, kuma shi kaɗai ke da hurumin sauya magani.