Me ya sa masu wasannin dabaru na kwamfuta ke fifita tsoho a kan sabo?

A ranar 11 ga watan Fabrairun 2025 ne kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da Civilization VII, sabon zubi na wasan kwamfutar da mutum ke gina daula tun daga ƙauye guda har ta mamaye duniya. Cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa har da Sarauniya Amina ta Zazzau.

Sai dai 'yan watanni bayan fitowarsa, alƙaluman Steam, babbar kasuwar wasanni ta intanet, sun nuna masu buga Civilization VI na shekarar 2016 sun fi na sabon yawa nesa ba kusa ba. A wasu ranakun ma, har Civilization V na 2010 yakan sha gabansa. To me ya kawo haka?

Ƙwarewa ita ce jari

Wasan dabaru ya fi kama da dara. Daɗinsa yana ga sanin dokokinsa ciki da bai, kuma wannan sanin yakan ɗauki shekaru kafin ya samu.

Abin da ya faru a Doha, babban birnin Qatar, a watan Disamban 2016 ya nuna darajar irin wannan ilimi. A can ne Vassily Ivanchuk na Yukren, mai shekara 47, ya lashe gasar duniya ta darar ces ta gaggawa, inda ya bar Magnus Carlsen, zakaran duniya a lokacin, a baya. Dokokin ces ba su yi wani babban sauyi ba cikin kimanin shekara 500, don haka abin da Ivanchuk ya koya tun ƙuruciya bai daina yi masa amfani ba.

A wasan kwamfuta kuwa, sabon zubi kan zo da sababbin dokoki, sai gwani ya wayi gari ya koma ɗan koyo.

Abin da ya fi ɓata wa magoya bayan Civilization rai shi ne yadda aka raba sabon wasan zuwa zamani uku, kuma aka wajabta sauya daula a farkon kowane zamani. Mai wasa da Amina zai iya farawa da daular Aksum, ya koma Songhai, ya ƙare da Buganda. Ga wanda ya saba rainon al'umma ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wannan tamkar a raba mutum da gonarsa ne ana dab da girbi.

Kuɗi da na'ura

Tsohon wasa ya riga ya nuna. An yi shekaru ana gyara kurakuransa, an yi masa ƙari, kamar wanda ya shigo da Mansa Musa na Mali cikin Civilization VI a 2019. Masu wasan da kansu sun ƙirƙiro dubban taswirori da dokoki da ake saukewa kyauta.

Sannan sabon ya fito a kan kusan dala 70, yayin da ake yawan karya farashin tsohon. Ga matashi a Kano ko Maraɗi da ke amfani da kwamfutar hannu ta gwanjo, kuma yake auna data da wutar lantarki, wasan da na'urarsa za ta iya ɗauka shi ne wasa.

Kamfanoni sun gane cewa da tsohuwar zuma ake magani. Blizzard ya sabunta hotunan StarCraft na 1998 a shekarar 2017 ba tare da taɓa dokokinsa ba, domin ƙwararru a Koriya ta Kudu sun ƙi barinsa duk da fitowar StarCraft II. Microsoft ma ya sake fito da Age of Empires II na 1999 a 2019, kuma har yanzu ana gasa a kansa.

Amma ba a yanke wa Civilization VII hukunci ba tukuna. Shi kansa Civilization VI ya shafe shekarunsa na farko a bayan wanda ya gada, sai da aka yi masa ƙari biyu, a 2018 da 2019, kafin akasarin masu wasan su koma kansa.